Pirulo da Garin Katakon Malam Eladio

Akwai wani dattijo a layinmu da ya shekara talatin da huɗu yana gyara tarbiyyar 'ya'yan mutane, ba a taɓa jin inda ya gaza ba. A shekara ta talatin da biyar ne aka haɗa shi da ɗan kwikwiyon da nauyinsa bai kai kilo biyu ba.

Sunan dattijon Don Eladio Samayoa, tsohon hedimastan firamaren unguwarmu, nan gefen Antigua ta Gwatemala. Rabin mazan layin sun ɗanɗana rularsa, shi ya sa har yau ba mai kiran sunansa, sai dai Malam. Kafinta Rigoberto, mai furfura da jikoki uku, in ya hango shi tafe sai ya ɓoye sigari a bayansa.

Kwikwiyon kuwa na ƙanwarsa ne, Doña Herminia. Mijinta ya rasu da damina, ta dawo gidan mahaifinsu inda Malam ke zaune shi kaɗai. Wata biyar ba ta fitowa daga ɗaki sai rana ta take. Ba ta kuka a gaban mutane, ba ta kuma cin abin kirki.

Da hutun ƙarshen shekara 'yarta ta zo daga babban birni da wani abu a cikin kwandon cefane, mai gashi buzu-buzu, kunne ɗaya a tsaye ɗaya a kwance. Aka sa masa Pirulo. Tun daga ranar Herminia ke tashi da asuba, domin da wuya mutum ya ci gaba da barci ana lasar masa kunne.

Matsalar dai guda ce, sai dai tana faruwa sau takwas a rana.

Pirulo ya ɗauki gidan nan gaba ɗaya a matsayin bayan gida mai ɗaki biyar. Falo nasa ne, kicin nasa ne, ƙarƙashin teburin karatun Malam kuwa nan ne ya fi samun natsuwa.

Ran da Malam ya taka wani abu da safa, sai ya kira taro a kan teburin karin kumallo.

"Herminia, yara dubu uku suka bi ta hannuna. Wannan abin naki kwana bakwai ya ishe shi."

"Yaya, jariri ne fa."

"Duk haka iyayensu ke cewa."

Ya naɗe tsohuwar jarida ya fara aiki. Duk inda aka ga laima a ƙasa, sai a kamo Pirulo, a kai hancinsa wurin, a buga jarida a tayil, a yi masa jawabi. Jawabin wani lokaci yakan kai minti goma, har da misalai.

Pirulo ba daƙiƙi ba ne. Cikin kwana bakwai ɗin ya gane darasin sarai: ba a yi a gaban Malam. Sai ya koma yi a bayan kujera, a bayan labule, sau ɗaya kuma a cikin takalmin da Malam ke zuwa coci da shi. Wannan ba a gano ba sai ranar Lahadi.

To, Malam yana da wani aiki da ya fi ji da shi fiye da fansho. Kowace shekara a lokacin azumin Kirista, ranar Lahadin da jerin gwanon coci ke bi ta layinmu, mukan shimfiɗa darduma a kan duwatsun titi domin masu jerin su taka ta su wuce. Da garin katako ake yin ta, wanda aka rina launi-launi, a tankaɗe shi da rariya a fitar da furanni da tsuntsaye. Kowane layi da tasa, kowane layi kuma yana leƙen ta maƙwabta yana taɓe baki. Tamu, shekara ashirin da biyu Malam ne shugabanta. Tun watan Janairu buhunan garin katako daga shagon Rigoberto ke cika masa baranda.

Wata safiya ya ga Pirulo ya tsuguna a kan ɗan garin da ya zube a gefen buhu. Garin ya shanye komai tas, ba laima ba wari. Malam ya tsaya yana kallo kamar wanda ya gano sabuwar nahiya.

Ya samo wani tsohon tire, ya cika shi da garin katako, ya ajiye a lungun baranda. Kuma don a yi adalci, dabarar ta yi aiki. Kwana goma, tayil ɗin gidan ya bushe. Malam ya ba da labarin a wurin aski, ya bayar a shagon Rigoberto, ya tare limamin coci a bakin ƙofa ya ba shi.

Herminia ce kawai ba ta tafa ba.

"Yaya, me kake koya masa ne?"

"Tire nake koya masa."

"Shi fa bai san tire ba. Abin da ke cikin tiren ya sani."

"Kin taɓa koyarwa?"

"A'a."

"To."

Ta ci gaba da tsince baƙin wakenta.

Saura sati uku jerin gwano, aka yi rini. Mutanen layi suka taru a tsakar gidan Malam, aka rina ja, aka rina kore, aka rina ruwan ɗorawa, aka baza kowanne a kan tamfol domin ya sha rana. Da azahar aka shiga ciki cin wake da gurasar masara.

Da aka fito, sai ga Pirulo yana zagaya tamfol ɗaya bayan ɗaya kamar sufeton makarantu, duk inda ya je sai ya sa hannu. A kan ruwan ɗorawa kuma ya bar cikakken rahoto. Sannan ya zauna a gefe yana kaɗa jela, yana duban Malam, yana jiran yabo.

Ba wanda ya yi dariya, tari dai aka yi ta yi. Rigoberto ya cire hula ya dubi ƙasa.

"Malam, gaskiya ya koya."

Wani mutumin daban da sai ya ce laifinsa ne. Malam ya ce karen ne ba shi da asali. Nan take ya yanke hukunci: ƙanensu Baudilio, wanda ke da gonar kofi a kan dutse, yana zuwa kallon jerin gwano da motarsa kowace shekara. Bana zai koma da fasinja.

A gonar Baudilio akwai karnuka uku, kowanne kansa kaɗai ya fi Pirulo girma.

Herminia ta ajiye bokitin da ke hannunta. Tunda ta dawo gidan ba ta taɓa roƙon yayanta komai ba.

"Yaya, ba ni sati ukun nan."

"Ki yi me da su?"

"In gwada. Kai ma ai ka gwada sau biyu."

Malam ya ji wannan "sau biyu" ɗin har cikin ƙashinsa, amma a gaban jama'a ne. Ya gyara tabarau.

"Sati biyu na karatu, sati ɗaya na jarrabawa. A satin jarrabawa, ɗigo ɗaya a cikin gida ko a kan garin katako, ya faɗi. Ana tashi daga jarrabawa in jerin gwano ya wuce ƙofar nan."

Ya rataya kalanda a kicin, ya ɗaura mata jan biro da zare.

Herminia ta fara da jefar da tiren. Ta wanke duk lungun da Pirulo ya taɓa ziyarta da sabulu da lemon tsami. Sannan ta zaɓa masa wuri guda: tsallaken titi, daidai ƙofar gidan, akwai ɗan fili na ƙasa a gindin bishiyar jakaranda.

In ya tashi daga barci, sai gindin bishiya. In ya ci, gindin bishiya. In ya gama wasa, gindin bishiya. A cikin gida ta ɗaura igiyarsa a ƙugunta, da ya fara shinshina ƙasa yana juyi sai ta suri abinta ta fita. A can sai ta tsaya kawai, ba magana. Wani lokaci minti biyu, wani lokaci rabin awa, shi yana bin malam-buɗe-littafi ita tana kallon sama. In ya yi, sai ta ce, "Yauwa, ɗan albarka," ta ciro ɗan cuku kamar ƙwayar wake daga aljihu ta ba shi.

Satin farko ya yi kuskure sau biyar. Ta goge, ba tsawa ba jarida. Malam yana wucewa yana ɗan tari mai ma'ana.

Sai ta ƙaro wani abu da ya ɗaure wa layin kai. Kowace safiya takan ɗebi garin katako ta zuba siriri a kan titi, tsakanin ƙofa da bishiya. In sun fito, Pirulo ya ja igiya zai nufi garin da murnarsa, sai ta ce, "Mu je," ta kaɗa cuku, su zagaye ta gefe. Kullum tana ƙara wa garin tsawo. A sati na biyu sai an yi taku goma sha kafin a zagaye.

Rigoberto ya leƙo daga shagonsa.

"Doña Herminia, wannan wace irin rawa ce kuke yi ke da angon naki?"

"Aikin malaminka nake warwarewa."

"Wayyo! In kin gama da shi ki zo ki warware nawa. Har yau in na ji ƙararrawa sai in miƙe tsaye."

Ta yi dariya, wadda layin bai ji ba tun rasuwar mijinta. Tsayuwar gindin bishiya ta sa dole ta gaisa da mai burodi, ta ji labarin ciwon ƙafar wannan da bikin 'yar wancan. Wata safiya, tana jiran Pirulo ya gama shawara, ta ce wa Rigoberto a hankali, "In aka tafi da shi, ban san abin da zai riƙa tashina ba."

 Washegari Rigoberto ya kawo mata cuku rabin kilo, ya ce wai ya yi masa gishiri da yawa.

Satin jarrabawa ya zo. Litinin lafiya, Talata lafiya, har Asabar. Malam yana duba bayan kujeru da tocila da rana tsaka, sannan ya je kalanda ya yi maki ƙarami ƙwarai, yadda sai an matsa ake gani.

Ranar Lahadi tun da sassafe aka rufe layi. Herminia ta fitar da Pirulo ƙarfe shida, sannan aka fara aiki. Aka jera katako aka yi iyaka, aka zuba gari aka daddale, aka gitta falankai a kan bulo domin masu zane su durƙusa a kai ba tare da sun taɓa aikin ba. Kafin azahar darduma ta fito, mita goma sha biyu, ja da kore, tsuntsaye a gefe, a tsakiya kuma wata babbar rana ruwan ɗorawa. Ta kwanta daidai tsakanin ƙofar gidan da bishiyar jakaranda.

Malam ya sa an rufe Pirulo a ɗakin Herminia.

Da tsakar rana ta zo ta same shi a kan falanki.

"Yaya, lokacinsa ya wuce tun ɗazu. Bari in fito da shi a hannu."

"Ba zai ga titin nan ba sai an wuce."

"Cikinsa fa bai kai kofin shayi ba."

"Ai shi ya sa ake kiranta jarrabawa."

Ta dube shi, ta dubi tagar ɗakinta inda ake jin ɗan kuka siriri, ta koma can ƙarshen darduma inda aka ba ta aikin jera furanni. Waɗanda ke kusa da ita sun ce fure ɗaya ta yi ta ajiyewa tana ɗauka.

An ce jerin gwano zai iso ƙarfe ɗaya. Kamar kowace shekara, ƙarfe biyu da rabi aka fara jin ganga daga nesa.

Daidai lokacin Baudilio ya iso a ƙafa, domin an hana mota shiga, rungume da kwali wanda ya huhhuda wa ramukan shan iska. Ya gaisa da jama'a, ya shiga gida zai ajiye kwalin. Rabonsa da gidan shekara guda. Ya buɗe ƙofar da ya zaci ta ɗakin ajiya ce.

Wani abu mai gashi ya bi ta tsakanin ƙafafunsa.

Pirulo ya fito ƙofa a guje, ya ja birki a bakin darduma. Awa takwas da rabi yana riƙe da abin da yake riƙe da shi, ga kuma garin katako mita goma sha biyu a gabansa, sabo, mai laushi, har da ado. A duk tarihin karnuka ban jin an taɓa yi wa wani irin wannan tayin.

 Ganga kawai ake ji.

Ya shinshina. Ya juya sau ɗaya. Ƙafarsa ta baya ta ɗan bar ƙasa.

Malam yana durƙushe a tsakiyar falanki da rariya a hannu, sanye da farin wandonsa na manyan ranaku. Ya daka tsawa irin wadda ta taɓa tsayar da yara ɗari huɗu a filin makaranta, ya zabura zai miƙe. Falankin ya zame daga kan bulo. Malam ya yi sama kaɗan, sannan ya sauko ya zauna daɓas a tsakiyar rana.

Pirulo ya maƙale jela. Tsawa irin wannan, a iya saninsa, tana nufin a nemi bayan kujera.

Sai aka ji muryar Herminia daga can ƙarshe, ba ta ko ɗaga ta ba.

"Pirulo. Mu je."

Ta juya ta fara takawa, irin takun kowace safiya, hannunta a aljihu.

Ya dubi garin katako. Ya dube ta. Sannan ya kama gefen darduma da wani irin gudu na matse ƙafafu, ya bi iyakar katakon tiryan-tiryan, ya wuce tsuntsaye, ya wuce Malam ko kallonsa bai yi ba, ya sha kwana a ƙarshe, ya bi bayanta har gindin jakaranda.

Rigoberto ya rantse ya ƙirga har arba'in kafin a gama.

Ba a taɓa tafa wa fitsari a layinmu ba sai ran nan. Wata tsohuwa har da share hawaye. Herminia ta ce, "Yauwa, ɗan albarka," ta zazzage masa duk cukun da ke aljihunta.

Sai aka tuna da Malam.

Mutum biyu suka miƙa masa hannu daga kan wani falankin suka ɗago shi. Inda rana take, yanzu akwai wani rami mai siffar da kowa ya gane. Ganga ta iso kwanar layi, hayaƙin turare ya fara shigowa, ana hango masu dogayen riguna shunayya. Ba lokacin sake tankaɗe.

Herminia ta miƙa wa Rigoberto karen, ta ɗauko kwandon furanninta, ta hau falanki ta durƙusa. Ta fara cike ramin daga tsakiya, fure bayan fure, ba gaggawa. Mata uku suka hau suka taya ta. Ana janye falankin ƙarshe, masu turare suna isowa.

Mutanen layin gaba, waɗanda suka zo taɓe baki, suka ce rana ta furanni sabon salo ne, kuma baɗi sai sun yi wadda ta fi ta. Jerin gwano ya bi ta kai, cikin minti uku ya tattake komai, kamar yadda aka yi ta dominsa.

Da ƙura ta lafa, Baudilio ya fito da kwalinsa.

"To Yaya, ina fasinjan nawa?"

Malam ya cire tabarau ya goge, ya mayar. Ya dubi Pirulo, wanda ya yi barci a hannun Herminia.

"Ya ci jarrabawa," in ji shi. "Da kyar."

"Ni dai an ce in tafi da wanda ya ɓata darduma. In kai ne, akwai wuri a gaban mota."

 Malam ya juya ya nufi gida a natse, kansa a sama, da cikakkiyar rana ruwan ɗorawa a bayan wandonsa. Saboda girmamawa, duk layin muka raka shi da ido har ya shige.

Da yamma Herminia na zuba masa kunun masara, ya yi gyaran murya.

"Maganar tiren nan. An samu kuskure."

"Na wa, Yaya?"

"Na tsari."

Ta ƙara masa kunu. Pirulo yana kwance a kan ƙafarta, Baudilio kuma ya koma gona da kwali cike da ragowar gurasar masara.

Darasi: Tsawa tana koya wa na ƙasa da kai ya ɓuya ne kawai, haƙuri ke koya masa inda zai dosa. Kafin ka hukunta wanda ka koyar, duba ko abin da ka koya masa ne yake yi, in kuma kuskuren naka ne ka faɗa da sunanka. Ku tura wa duk mai rainon yaro, ɗalibi, ma'aikaci ko kwikwiyo, musamman wanda bai taɓa kuskure ba. An wanke wandon Malam sau huɗu, rinin mai kyau ne.